Bukka a Inda Aradu Ta Faɗa

Aradu ta kashe yayana a gonarmu ta bayan gari, bayan azahar, a lokacin da gero ya kai gwiwa. Ina gida ranar. Na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake aiki a Katsina, na sauka a Kankiya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni unguwarmu da ke gefen Yashe, a ƙasar Kusada. Ban daɗe da zuwa ba abin ya faru.

Unguwarmu 'yan gidaje ne kaɗan. Kakanninmu Maguzawa ne. A zamanin samartakar Baba yawancin dangi suka musulunta, wasu suka shiga coci, tsofaffi ƙalilan suka tsaya inda iyayensu suka bar su. Baba yana cikin waɗanda suka shiga coci, har ya zama dattijo a cikinta. Wansa, wanda muke kira Baffa, yana cikin waɗanda suka tsaya, kuma a hannunsa maganin aradu na zuriyarmu yake. Yayana shi ne ɗan fari. Da aka yaye shi Baffa aka ba, a ɗakin matar Baffa ya girma har ya isa shiga makaranta. Iyayenmu kuwa kunyarsa suke ji, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin nan". Baba ma in zai yi masa magana sai ya dubi wani wuri.

Ruwan ranar bai yi yawa ba. Hadari ya taso daga gabas, aka yi tsawa guda mai ƙarfi har kwanonin jeren Inna suka amsa, sai yayyafi, sai rana ta sake fitowa. Maƙwabcin gonarmu ne ya shigo da labarin, ko sallama bai yi ba. Musulmi ne, tsaran Baba, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Baba kan kira shi Liman don tsokana, shi kuma ya rama da Fada, wato limamin coci. Ranar bai kira kowa da kome ba. Ya ce, "Ku taho. Ta hwaɗa gindin ɗorawa."

Da muka isa mun tarar da mutane sun yi da'ira, nesa da itacen. Ɗorawar ta tsage daga sama har ƙasa, cikinta fari fat. Yaya yana kwance rub da ciki a cikin laka, fartanyarsa kusa da hannunsa, takalmin robarsa ɗaya ya faɗa can cikin kunyar gero ta gaba. Ana jin ƙauri kamar an babbake kan akuya. Matarsa tana zaune a ƙasa, mata biyu sun danne ta kada ta ruga gare shi.

Dokar sananniya ce a wurinmu, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci duk sun san ta. Wanda aradu ta buga ba a taɓa shi sai mai magani ya zo, ya yayyafa madarar shanu sabuwar tatsa, ya tono gatarin aradu, wato ɗan dutsen da ake cewa ta jefo ya nitse a ƙasa. A nan wurin ake binne mamacin. Wanda ya taɓa gawar kafin haka, aradu za ta bi shi duk inda ya shiga har ta same shi, da duk wanda ke kusa da shi, sai fa in an yi masa wanka da madarar. Baffa kuwa yana Kaikai wajen biki. An tura a kira shi.

Baba bai tsaya a da'irar ba. Ya ratsa ta kamar bai ga kowa ba. Aka ɗauki ihu: "Dattijo, tsaya! Dattijo, kai hwa!" Ya juyo sau ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Ke, riƙe uwarki." Na riƙe ta. Ba ta yi kuka ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a.

Baba ya durƙusa, ya juyo da Yaya, ya cire hularsa ya share masa lakar fuska. Ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce wani ya zo ya kama masa. Ba wanda ya motsa. Yaya ƙato ne, Baba kuwa ya tsufa. Ya yi ta fama har ya ɗora shi a baya, ya riƙe hannuwansa biyu a wuyansa, ya miƙe. Ƙafafun Yaya suna jan ƙasa, suka bar layi biyu a cikin jiƙaƙƙiyar gonar tun daga gindin ɗorawa har bakin hanya. A iya sanina ranar ce Baba ya fara goya ɗansa.

Shi kaɗai ya wanke shi. Samarin coci suka haƙa kabari a maƙabartarmu, suka fito, suka ja baya. Baba ya shiga ramin da kansa ya kwantar da shi. Fastonmu, saurayi ne da aka turo daga wani gari, ya yi addu'a daga inda yake tsaye. An gama mai da ƙasa ke nan, rana ta yi ja, Baffa ya iso da ƙwaryar madara a hannu, ya biya ta ruga an tatso masa.

Ya dubi kabarin, ya dubi ƙanensa.

"Ɗana ka binne ban gan shi ba."

"Yaya, ƙudaje sun fara sauka a bakinshi. In bar shi cikin laka?"

"Ni na koya mashi riƙon hwartanya. Kai ko sunanshi ba ka iya hwaɗi." Ya gyara riƙon ƙwaryar. "To ya wuce. Yanzu ka ɗauko ta ka kawo cikin gida. Tuɓe rigar, in wanke ka tun madarar ba ta kwana ba."

"Ba za a wanke ni ba."

"Kana da mata. Kana da jikoki."

"Na sani."

Baffa ya tsaya riƙe da ƙwaryar. Da ya ga ba za a karɓa ba, sai ya tsiyaye madarar a gefen kabarin, a hankali, ya kife ƙwaryar a kai, ya tafi.

Ya kamata in faɗi abin da Baba ya gaskata, don in ba haka ba za a ɗauka taurin kai ne kawai. Ya sha gaya mana yadda ya tashi. A gidan kakanmu kowane abu yana da mai shi. Rijiya da mai ita, tsamiyar bakin rafi da mai ita, suri, rumbu, mararraba, har da aradu, kowanne da irin kazar da yake so da ranar da ba a kusantarsa. Ya ce yaro a gidan ba ya gama koyon abin tsoro har ya yi gemu. Yana saurayi ya je aikin gini Kankiya, a can ya ji wani mai wa'azi yana cewa duk abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, magana Allah ya yi suka kasance. Kuma Kalman nan da aka yi su da shi ba iska ce ta baki ba, mai rai ne, yana nan tun babu sama babu ƙasa, shi ne Almasihu, kuma babu wata halitta da ta fita daga ƙarƙashin ikonsa. Baba ya ce a ranar ya ji kamar an sauke masa dami daga ka. Masu gari da yawa da yake tsoro suka koma bayin mai gari ɗaya.

Daga nan ya samu wata magana da ba ta barin bakinsa. In kunama ta harbi wani cikinmu, yana ɗaure wurin yana cewa, "Ita ma faɗin ta aka yi." In fari ya yi tsawo, ya dubi sama ya ce, "Shi ma faɗin shi aka yi." Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa, in Inna ta ƙona tuwo mu ce shi ma faɗin shi aka yi. A wurinsa, in ya yarda a zuba masa madara don aradu ta ƙyale shi, ya yarda ke nan cewa aradu tana da nata mulki, tana jin haushi, tana karɓar haƙuri, kuma akwai wani yanki na duniya da Kalman bai kai ba.

Bayan an share makoki surukin Yaya ya zo daga Fakuwa da motar haya. Shi ma Kirista ne, har wa'azi yake yi a cocinsu. Bai shiga gidan ba, a ƙofa ya tsaya. Ya ce ya zo ɗaukar 'yarsa da yaranta biyu.

Baba ya ce, "Kai da ke hawa bagaden wa'azi ranar Lahadi?"

Surukin ya ce, "Ni ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Jikokina ne. Ranar da aka wanke ka, da kaina zan maido su."

Yaran nan su ne duk abin da Inna ta samu daga ɗan da ba ta taɓa rungumarsa a gaban mutane ba. Namijin tana kiransa angonta, tana yi masa gorin bai taɓa kawo mata cefane ba. Macen ƙawarta ce, tare suke kwana. Abin da al'ada ta hana ta yi wa uban, su take yi wa ba tare da kowa ya ce kome ba. Ta ɗaure masu ƙullin gyaɗa, ta raka su bakin mota, ta dawo ta shiga ɗaki. Ranar ba a ɗora tukunya ba.

Lahadin da ta biyo baya Baba ya zauna a bencinsa na gaba kamar kullum. Bencin ya zama nasa shi kaɗai, da na bayansa. Ana cikin waƙa gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Mata suka soma ɗaukar 'ya'yansu suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowace tana sunkuyar da kai kamar fitsari za ta kai yaron. Kafin a kai ga wa'azi saura tsofaffi da ba sa iya sauri. An yi ruwa, ba abin da ya faru. A bakin ƙofa na ji wata tana cewa ai ita aradu ba ta gaggawa.

Liman ne kaɗai ke zuwa gonar. Ya kawo shanunsa ya yi wa Baba huɗa, suna aiki suna faɗa kamar da. Ya ce malamansu ma sun ce wankan madara shirka ne, tsawa baiwar Allah ce, ba ta da ikon kanta. Amma da ya hango baƙi-baƙi a gabas sai ya fara kwance shanu.

Baba ya ce, "Liman, ina tauhidin?"

Ya ce, "Shina nan cikin kai, Fada. Ƙahwahuna ne ba su yi makaranta ba."

A makon nan Fasto ya zo gida da dabarar da dattawan coci suka ƙulla. Ba sai Baffa ya sa hannu ba. Za a samo madarar, Fasto ya yi addu'a a kanta da sunan Almasihu, shi ya zuba wa Baba a bayan coci. Jama'a za su ga an yi wanka, hankalinsu ya kwanta, surukin ya maido da yara, kuma ba a yi tsafi ba. Yana magana yana murza hannuwa, ina ganin ya daɗe yana shirya ta.

Baba ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce, "Fasto, in an zuba mani, wa mutane za su ce ya sake ni?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Aradu za su ce. Za su ce har coci ta san aradu, ta ba ta haƙuri da sunan Ubangiji. Gara wana ya zuba mani, shi aƙalla ya yarda da abin da yake yi."

Inna tana jin su daga bakin turmi. Da Fasto ya fita ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya a kan Baba. Ban taɓa ganin ta yi masa magana a tsaye yana zaune ba.

"Malam, madara ce hwa. Ba wuta ba ce. Ka rintse ido a zuba, ka tashi ka ɗauraye da ruwa."

"Ba zan iya ba."

"Kullum faɗin ta aka yi, faɗin shi aka yi. To, naka Kalman da ke bisa kome, ina yake ranar? Aradun tashi ce, ko ba tashi ba ce?"

"Tashi ce."

"Ashe shi ya kashe mani..." Ta tsaya. Bakinta ya buɗe a kan sunan, bai fito ba. "Shi ya kashe wancan."

Da Baba ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"Ban san dalilinshi ba. Na tambaye shi, bai ba ni amsa ba. Amma da shi nike da magana, ba da aradu ba. Da aradu ce mai laihin da na huta, ƙwarya guda ta raba mu. Shi kuwa ba a ba shi madara. Kullum ina gabanshi da yaron nan a bayana, kuma ba ni da wani wurin da zan kai shi."

Inna ta ce, "Ni jikokina nike so."

Ta koma ta ɗauki taɓarya. Turmin babu kome a ciki, ta yi ta dakansa.

Washegari da hantsi Baba ya ce in kira masa surukin a wayata, in buɗe murya kowa ya ji. Suka gaisa a taƙaice.

Baba ya ce, "Ni ake tsoro, ko gidan?"

"Kai. Gida mi ya yi?"

"In ba ni cikin gidan hwa? In ba ni kwana, ba ni wuni, ba ni shiga ko zaure, muddin akwai hadari a sama?"

Surukin ya ce, "Har kaka?"

"Har ruwa ya ɗauke."

"In haka ne, su dawo."

A ranar Baba ya sari kara da itace ya kafa bukka a gona. Gonar tana da faɗi, akwai tudu a arewacinta inda ruwa ba ya kwanciya. Bai kafa ta a can ba. A gindin tsagaggiyar ɗorawar ya kafa ta, daidai inda Yaya ya faɗi, a kan gatarin da bai bari an tono ba. Na ce masa ko masana yanayi da muke hira da su a rediyo suna hana fakewa a gindin itace lokacin tsawa, wannan ba maganar tsafi ba ce. Ya ce ya ji. Ya sare abin da ya rage na ɗorawar ya yi dirkoki da shi, amma bai matsa da bukkar ko taku ɗaya ba. Na kuma tuna masa da masu babura da bindigogi da ke ɗaukar mutane a gonaki a ƙasashen yamma da mu. Ya ce wanda zai saci mutumin da aradu ke bi ai sai ya zo da nasa madarar.

Yaran suka dawo da uwarsu. Inna ta ɗora tukunya. Angonta ya tambayi ina Kaka, aka ce yana gadin gero.

Hutuna ya ƙare na koma Katsina, amma na yi ta zuwa a daminar. Abin da na gani bai sauya ba. Inna kan kai masa tuwo da rana, ta ajiye a bakin gona, ta yi gyaran murya, ta juya. In hadari ya haɗu sai ta shigar da yara ɗaki, ita kuma ta tsaya a ƙofar gida tana kallon wajen gonar har a gama. Baffa ya je masa sau ɗaya da ƙwarya. Suka zauna a bakin bukka, ba wanda ya ambaci madarar, har ta yi tsami a rana, ya ɗauki abarsa ya koma.

Aradu ba ta taɓa Baba ba. Wannan bai gamsar da kowa ba, cewa aka yi ba ta mantuwa. Da aka yi girbi ya dawo gida, ya yi rani tare da mu, ya koma bencinsa a coci, mutane suka matso. Da bazara ta yi, hadarin farko ya nuna kai a gabas, surukin ya bugo waya. Kafin a gama gaisawa Baba ya naɗe tabarmarsa. Haka ya yi ta yi kowace damina har ƙarshen ransa. Sanyin ƙasar bukkar ya shiga ƙirjinsa, tarin da ya kama shi a can bai sake shi ba.

A daminarsa ta ƙarshe ina gida wata rana Inna ta ɗauki kwanon tuwo ta fita. Ba ta daɗe ba gari ya rufe. Aka yi ta walƙiya, tsawa tana bin tsawa, ƙasa tana amsawa. Na shigar da yaran, na tsaya a ƙofar gida inda takan tsaya. Ba ta a hanya, ba ta a bakin gona. Sai da ruwa ya ɗauke, kwari ya cika, na hango ta tana tahowa a hankali da kwano a ka. Zanenta a bushe yake.

Matar Yaya ta dube ta, ta dubi zanen, ta jawo yaran jikinta.

Na ce, "Inna, a ina ruwan ya same ki?"

Ta sauke kwanon. Ta ce, "Ƙahwata ke ciwo. Na zauna cikin bukkar har ta lahwa."

Ba ta shiga ɗakin yaran ba. Ta ɗauki tabarma da mayafi, ta ce wa matar Yaya ta kula da miya kada ta kama, ta koma gonar.